Kwalbar Zumar Gwaggo

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafafun? Yaya hawa da saukar benen nan namu? Ina fata kina shan maganinki a kan lokaci, ba sai mai kemis ya hauro ya tuna miki ba. Ki gaishe shi, ki gaida maiɗakinsa.

Mun iso lafiya. Masaukin 'yan wasan nan gari ne guda. Kowace ƙasa ta nahiyar da nata benen, kowa ya rataye tutarsa a taga kamar shanya. A ɗakin cin abinci za ki ga 'yan ƙwallon kwando da sai sun sunkuya suke shiga ƙofa, ga 'yan gudun dogon zango siraran nan, ga mu 'yan ɗaga nauyi a tsakiya, gajeru masu faɗi. A nan na gane ashe ba ni kaɗai ce guntuwa a duniya ba.

Kada ki sa mai kemis ya wahala da neman wayata. Ranar da muka sauka Koci ya bi mu ɗaki ɗaki da jakar leda ya karɓe wayoyin, ya ce sai tawagarmu ta gama gaba ɗaya. Sauran 'yan matan har da hawaye. Ni kuwa na ce a raina, ai ni da Gwaggo dama takarda ce wayarmu tun da kunnenki ya yi nauyi. Kuma aiken ba wuya, don tawagogin ƙasarmu ba tare suke zuwa ba, wasu na tahowa wasu na komawa. Ki kai taki ofishin wasanni, duk waɗanda za su taso za su zo da ita.

Abin da ke damuna shi ne sikeli. Kin san aji aji ake fafatawa bisa nauyin jiki, kuma da safiyar gasa ake awo. In mutum ya haura ko da ɗan kaɗan ne, ko ƙarfen ba zai taɓa ba. Zaman tafiya ya kumbura mini ƙafafu, na hau sikeli na tarar na wuce da fiye da kilo guda. Koci ya dubi sikelin, ya dube ni, ya ce, “Guntuwa, me gwaggon nan taki take ɗura miki ne?” Na ce ƙauna ce. Ya ce to ƙaunar ta yi nauyi, a rage.

Dariya nake yi amma tsoro nake ji, Gwaggo. Duk wahalar da muka sha ni da ke, kada a ce sikeli ne ya mayar da ni gida. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Guntuwa

*

Guntuwa,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki. Lafiyata lau, ƙafafu sun yi sauƙi, bene yana nan inda kika bar shi. Mai kemis yana amsawa. Rubutunki dai har yanzu bai gyaru ba. Na koyar da 'ya'yan mutane rubutu har na yi ritaya, wadda na rena a ɗakina kuma ta gagare ni.

Ki gaya wa kocin nan naki ni ban ɗura miki komai ba. Tun ranar da Allah ya karɓi mahaifiyarki aka miƙo mini ke, abin da na ci shi kika ci. In yana da magana ya zo ya same ni.

Maganar sikeli ta hana ni sukuni. Na karanta wurin, na ajiye, na sake ɗauka. Yarinyar da ta fara da ɗaga jarkar ruwa daga ƙasa zuwa hawa na uku, ta koma ɗaga buhunan siminti a filin ginin bayan gidanmu har magina suna tafa mata, a ce ɗan kumburin ƙafa ne zai kayar da ita? Ba ina raye ba.

Ga kwalbar zuma nan na ba 'yan ninkaya su kawo miki. Na naɗe ta a cikin tsohon tawul ɗinki shuɗi. Ki sha cokali guda kowace safiya kafin ki sa komai a baki. Ke kaɗai. Na san halinki na rabo, kada in ji kin ba wata. Ki motsa ta da kyau kafin ki ɗiba, don abin kirkin a ƙasa yake kwanciya. Kada ki tambaye ni dalili, ki yi abin da na ce kawai.

Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in kin kwanta. Ki daina cin gishiri. Kuma kada ki bari dogayen nan su rena ki.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

*

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafafun suka yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya ƙalau.

Saƙo ya iso. Da na warware tawul ɗin sai ƙamshin ɗakinmu ya buge ni, na zauna a bakin gado na rungume shi. Na gode, Gwaggo. Ina shan zumar kowace safiya kamar yadda kika ce, ni kaɗai.

Albishirinki: sikeli ya fara jin magana. Kumburin ya saɓe, nauyin yana sauka a hankali. Likitar tawagarmu, wata mata ce mai tabarau da ba ta son wasa, ta ce in na ci gaba haka zan shiga ajina ba fargaba.

An yi bikin buɗe gasa. Mun zaga filin ƙasa bayan ƙasa, ga ganguna ga wuta a sama. An sa mu gajeru a sahun gaba don kada a rufe mu, saboda haka in kin kalla a talabijin ɗin mai kemis, wadda hularta ta faɗi ta koma ɗauka, ni ce. 'Yan dambenmu sun riga sun samo lamba. 'Yan ƙwallon raga kuwa an yi waje da su tun zagayen farko, su ne ma za su kawo miki wannan. Kada ki yi musu dariya, sun sha kuka.

Wanda ke ba mu tausayi yanzu Koci ne. Tsohon nan ba shi da lafiya amma ya ƙi faɗa. Ana cikin atisaye sai ya ce mu ci gaba, ya fice da sauri, ya dawo, an jima kaɗan ya sake ficewa. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa. Wandonsa har ya fara yi masa yawa. Jiya na ce, “Koci, ko ka ga Likita?” Ya harare ni ya ce, “Ke ki ga ƙarfenki.” Amma na ga idonsa, tsoro ne a ciki. Abin mamaki, muryar da ta dishe masa saboda ihu ta dawo garau, yanzu har 'yan ƙasar da ke bene na gaba suna jin faɗansa.

Ranar Asabar ce tamu. Ki sauka wurin mai kemis da wuri ki kama kujerar gaba.

'Yarki,
Guntuwa

*

Guntuwa,

Ki yi haƙuri, yau ba doguwar gaisuwa. Ina nan da rai. Ki zauna kafin ki karanta.

Ki daina shan zumar nan. In da saura, kada ki zubar, ki kai wa likitarku tare da takardar nan.

Ga abin da na yi. Kin san ƙananan fararen ƙwayoyin nan da nake sha na kumburin ƙafa, masu zuƙe ruwan jiki. Da kika rubuto cewa ƙafafunki sun kumbura kuma nauyi ya hau, sai na ce ai ciwon da nake da maganinsa ne a kan teburina. Na san in na aiko miki ƙwaya a fili ba za ki sha ba, za ki ce doka. Sai na juye abin da ya rage mini duka a faranti, na murƙushe da bayan cokali har ya zama gari, na zuba a zumar na gauraya. Wallahi ina yi ina murna.

Yau da safe na sauka wurin mai kemis in karɓi wani. Ya ce, “Malama, ai bai kamata naki ya ƙare yanzu ba. Ko kina ninkawa ne?” Ni kuma da alfaharina na ba shi labari. Guntuwa, mutumin nan sai da ya nemi kujera. Ya yi magana ban ji ba, ya ɗaga murya ban gama ji ba, sai ya yago bayan kwali ya rubuta mini da manyan baƙi. Wai wannan maganin yana cikin waɗanda aka haramta wa 'yan wasa. Wai masu maguɗi suna sha don su sauke nauyi kafin awo, ko su wanke wani abin daga jikinsu. Wai in aka gan shi a fitsarinki za a ƙwace duk abin da kika ci, a dakatar da ke shekaru, a buga sunanki a jarida. Na ce ai ba ta sani ba, ni ce. Ya rubuta: ba sa tambayar wa ya zuba, jikin wa aka samu suke dubawa.

Na ce ya kira ki. Wayarki a kashe, kamar yadda kika faɗa. Muka hau mota zuwa ofishin wasanni neman lambar likitarku. Ofishin wayam, manya duk sun tafi kallon gasa, sai maigadi da jakar wasiƙu. Ya ce 'yan ƙwallon hannu ne za su tashi na ƙarshe, kuma sai ranar Lahadi. Taku Asabar.

Na tsaya a ƙofar ofishin nan na rasa inda zan sa kaina. Na karanta takardarki da ke cewa sikeli ya fara jin magana, ranar har na yi wa maƙwabta albishir. Ashe aikina nake karantawa.

Ban san ko wannan za ta same ki kafin komai ya lalace ba. In ta same ki, ki nuna musu. Rubutuna ne, ni na yi, ba da saninki ba. Ni da na hana ki karɓar ko alewa daga hannun baƙo, ni ce na zuba miki abu a ɓoye.

Ki yafe mini.

Gwaggonki

*

Gwaggo! Gwaggo!

Assalamu alaikum. Kina lafiya? Kin gani? Ki ce mini kin gani! In rubutun ya ƙara lalacewa yau ki ƙyale ni.

Tagulla, Gwaggo. Na uku a duk nahiyar. Tana nan a wuyana ina rubutu, tana bugun teburin.

Bari in ba ki tun daga farko. Da safe aka yi awo, na shiga ajina har da ɗan rara. Da aka fara, ɗagawar farko ta tafi daidai. Ta biyu ƙarfen ya kufce mini ta baya, ya faɗi da ƙara, zuciyata ta bi shi. Kafin ta ƙarshe aka ce mini in na ɗaga abin da aka ɗora, lamba tawa ce, in na kasa, na biyar. Nauyin da ban taɓa ɗagawa a gaban jama'a ba ne.

Na shafa farin alli a hannu, na ɗaure bel, na waiwaya in ga Koci, don kullum shi ne ke buga mini kafaɗa ya ce, “Je ki ɗauko kayanki.” Babu Koci. Ya sake ficewa. Sai Likita ce tsaye da tawul, ta ce, “To, Allah ya taimaka.” Na hau dandamalin ni kaɗai. Na tuna jarkar ruwa da matakalar benenmu, da ke a sama kina cewa in kin zubar sai kin koma. Na kawo ƙarfen kafaɗa. Ƙafafuna suka ce ba za su iya ba, na ce ba shawara nake nema ba. Na tura shi sama na tsaya, na tsaya, har aka yi ƙarar saukewa. Fitilun alƙalai uku duka farare.

Ina sauka sai ga Koci a guje yana gyara ɗamara yana tambayar mutane, “Ta ɗaga? Ta ɗaga?” Da aka ce masa e, tsohon nan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya rene ni a wasan nan tun ina ƙarama, ranar da ya fi jira kuma ta same shi a banɗaki.

Bayan an rataya mana lambobin, wata jami'a ta biyo ni ta ce gwaji. Haka ake yi wa duk wanda ya ci lamba. Ba ta bar ni na matsa ko nan da can ba sai da na ba da fitsari a gabanta, aka raba a kwalabe biyu, na rufe da hannuna. Kunya kamar in nutse, amma ba komai, ni na san ba ni da abin ɓoyewa. Sakamakon zai fito nan da 'yan kwanaki.

Zumarki ta yi albarka, ta ƙare tas. 'Yan dambe za su kawo miki wannan, gobe da sassafe za su tashi. Ban ga amsarki ba tukuna, na san tana hanya.

'Yarki mai tagulla,
Guntuwa

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina nan. Kada ki damu da lafiyata.

Na gani. Mai kemis ya fito da talabijin ƙofar shago, layinmu duka ya taru, har makanikan ƙarshen titi da hannuwansu baƙi. Da kika tura ƙarfen nan sama ban ji ihun ba, amma na ji shi a ƙasan kujerata. Mata suka rungume ni, wani ya ɗaga ni daga zaune. Ni da mai kemis kaɗai muka kalli juna. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin tsayuwar da kika yi ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Yau takardarki ta zo. Kin ce ba ki da abin ɓoyewa. Kin ce ta ƙare tas. Na karanta a tsaye, sai na ga gara in zauna.

Yanzu na san tawa ta same ki. Ban san da wace fuska kika karanta ba. In ba ki son rubuto mini, na fahimta.

Ga abin da na yanke. Ranar da manyan ofishin suka dawo zan je in zauna a ƙofarsu da farantin da cokalin da kwalin maganin. Zan gaya wa duk wanda ya fito. In akwai kotu a kai ni, in akwai jarida a buga hotona. Mai kemis ya ce zai raka ni ya ba da shaida, ya kuma ce kada in sa rai da yawa. Na wanke mayafina na goge. Takalmi ne dai ya ƙi shiga, don tun da na juye miki maganin ban sha ba, wanda na karɓo kuma na kasa kallonsa. Zan tafi da silifas.

Maƙwabta suna ta hawowa barka. Ina karɓa, ina cewa na gode. Wani yaro ya zana ki a bangon matakala da ƙarfenki a sama. Kullum sai na wuce ta gabansa.

Wani jami'i da ya makara zai tafi bikin rufewa, shi zai kawo miki wannan.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Kafin komai: ki tashi yanzu ki sha maganinki. Ki ajiye takardar, ki sha, sannan ki dawo. Ina jira.

Kin sha? To.

Na san mai kemis ya riga ya gaya miki, don na ari wayar Likita na kira shagonsa. Ya ce ya rubuta miki a kwali, kin ce lallashinki ake yi. Saboda haka ga shi da hannuna, da mummunan rubutuna da kika sani.

Ban sha zumar ba, Gwaggo. Ko ɗigo.

Ƙarya na yi miki. Dokar tawagarmu ce, duk abin ci ko sha da ya zo daga waje, ko daga hannun uwa ne, sai a miƙa wa Koci. Ranar da kwalbar ta iso na sunsuna tawul ɗin, na rungume shi, na ɗauki kwalbar na kai masa ko murfin ban buɗe ba. Da na zauna rubuto miki sai na hango ki kina naɗe ta, kina saukar benen nan da ƙafafunki, kina hawa mota har ofishi. Na kasa rubuta cewa na bayar. Sai na ce ina sha. Da ƙarya ta fara kuma sai ta nemi ƙanwa, na ce ta ƙare tas. Nauyin da ya sauka kuwa, barin gishiri ne da matashin da kika ce, da yunwar da Likita ta tsara mini.

Takardunki biyu a rana ɗaya suka zo hannuna, don 'yan ƙwallon hannu sun manta da ta farkon a cikin jakar ƙwallaye. Na karanta na yi kuka saboda ke. Ina cikin kukan sai wani tunani ya daskarar da ni: ina kwalbar take? In wata daga cikin 'yan matanmu ta lasa fa? Akwai waɗanda ba su yi wasansu ba tukuna.

Na ruga wurin Likita. Ta karanta, ta cire tabarau, ta mayar, ta ce a kira Koci. Ya shigo da gorarsa. Ta ce, “Zumar da yarinyar nan ta ba ka, ka zubar kamar yadda doka ta ce?”

Ya ce, “Wace zuma?”

Ta ce, “Koci.”

Ya kalli silin, ya kalli ƙasa. Ya ce ai zubar da zuma mai kyau haka alhaki ne. Ya ce muryarsa ce ta dishe, ya ce bari ya ɗan gwada cokali guda. Ya ji ta yi masa, sai ya mayar da ita cokali biyu, safe da yamma. Har yana cewa tana da ɗan ɗaci daga ƙasa, alamar ta asali ce.

Likita ta ce, “Ka ba wani? Ka tuna da kyau. Ko ɗan wasa ɗaya?”

Koci ya dafa ƙirji kamar an zage shi, ya ce, “Ni? In ba wa? A cikin takalmina na ajiye ta a ƙasan gado, ko mataimakina bai san da ita ba.”

Ban taɓa sanin rowa tana da rana ba sai ranar. Na zame na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Likita ta miƙa masa takardarki. Ya karanta a hankali, bakinsa yana motsi. Da ya kai wurin farantin da cokalin sai ya ɗago ya ce, “Wato ba ciwon sukari ne da ni ba?”

Ashe abin da ke cinsa ke nan. Ciwon sukari ne ya kashe mahaifinsa, da ya ga ƙishirwa da yawan fita da rama sai ya yanke wa kansa hukunci. Ya ƙi zuwa wurin Likita don kada a mayar da shi gida kafin ranar Asabar. Har ya fara yi wa mataimakinsa wasiyya a kan yadda za a ci gaba da horar da ni. Likita ta gwada shi nan take, sukari lafiya lau. Ta ce jikinsa ya bushe ne, Allah ya taimake shi da gorar ruwan nan, ta sa masa ido kwana biyu, yanzu garau yake. Faɗan da ta yi masa kuwa, ko ke sai kin sara mata. Shi da ke kama mu da biskit a aljihu, yana tsaye kansa a ƙasa yana cewa, “Haka ne, Likita.”

Sakamakon gwajina ya fito jiya. Tsaf. Tagullar tamu ce, babu mai taɓa ta.

Ki ninke mayafinki ki mayar akwati. Ba inda za ki. Abin da kika yi kuskure ne babba, ba zan ɓoye miki ba, da ya faɗa a kaina da ya gama da ni. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kin juye mini maganinki duka, kin zauna da kumbura. Kada ki ƙara yi mini irin wannan son.

Koci ya ce in gaishe ki. Ya ce kin sa ya rasa ganin ɗagawar da ya jira duk rayuwarsa, saboda haka yana binki bashin kwalba guda, marar haɗi. Ranar Alhamis za mu sauka tare da 'yan tsere. Ki yafe mini ƙaryar.

'Yarki,
Guntuwa

*

Guntuwa,

Wa'alaikumus salam. Na sha maganin. Ƙafafu sun fara saɓewa, jiya takalmin hagu ya shiga. Mai kemis yana gaishe ki, ya ce daga yau ƙwaya ɗai-ɗai zai riƙa ba ni, kuma a gabansa zan haɗiye. Ban yi musu ba.

Na karanta takardarki a matakala, a gaban zanen nan naki, don ban iya jira in kai sama ba. Na kai wurin “ko ɗigo”. Na zauna a nan na yi kukan da na riƙe tun ranar da aka rubuta mini a kwali. Matar hawa na biyu ta fito a tsorace tana tambaya wa ya rasu. Na ce babu, yarinyata ce ta yi mini ƙarya. Har yanzu kallon mai taɓin hankali take yi mini.

Yanzu maganar ƙaryar. Ni na rene ki, kin san abin da na fi ƙi a duniya. Kin dube ni a takarda kin ce kina sha kowace safiya, har da “ni kaɗai”. Na zauna in yi fushi, na nemi fushin ko'ina ban same shi ba. Kin bi dokar aikinki, ni na karya tawa. Na yafe miki. Kada ki ƙara. In na sake aiko miki abin da ba ki so, ki ce mini ba ki so, zan ji haushi in warke.

Tsohon nan kuma, ki ce masa na ji kunyarsa, Allah ya ba shi haƙuri. Amma ki ƙara masa da cewa na rubuta a fili zumar ta mutum ɗaya ce. Na sayo masa tasa. Ban buɗe ba, ban ma taɓa ba, mai kemis ne ya ɗauko daga kanta ya liƙe murfin da salatif ya sa hannu a kai. Shi zai riƙo ta ranar Alhamis.

Ni kuwa na yi ta tunanin me zan kawo miki wurin tarba. Tun kina ƙarama ban taɓa zuwa ɗaukarki daga ko'ina ba sai da wani abu a jakata. Na buɗe kabad na rufe, na buɗe na rufe. Daga ƙarshe na rataye jakar a ƙusa.

Za ki gan ni a sahun gaba, kusa da ƙofar fitowa. Ba jaka, ba ƙunshi. Hannuwana biyu kawai zan zo da su. Ki duba su da kyau, ciki da baya, sannan ki zo in rungume ki.

Gwaggonki